Akwatin Magana: Yadda Rediyo Ya Shigo Ƙasar Hausa da Abin da Ya Zo da Shi

Da sunan Allah ake buɗe kowane zance mai amfani. Godiya ta tabbata gare Shi, wanda Ya halicci kunne Ya sa shi ƙofar ilimi, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, mutanen da suka rayu kafin zuwan wayar iska ba su da hanyar jin labarin nesa sai ta bakin matafiyi. Madugu ya dawo da ayari daga Gwanja da goro, a taru a zaurensa a ji wanda ya mutu da wanda ya yi sarauta, alhali labarin ya kwana wata biyu ko uku a hanya. Alhaji ya tafi Makka ta Wadai da Darfur, iyalinsa su shekara ba su san yana raye ko ya riga mu gidan gaskiya ba. Umarnin Sarki kuwa sai mai shela ya zaga kasuwa da unguwanni. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ga kuma wayar tangaraho, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a watan Janairu 1939, duk suka rage nisa. Amma tangaraho na mai kuɗi ne da ma'aikacin Gwamnati, jarida kuwa sai wanda ya iya karatu. Abin da ya shiga zauren malami da rumfar ɗan kasuwa da ɗakin matar kulle baki ɗaya, bai tambayi kowa ko ya san baƙi ba, shi ne akwatin rediyo.

Asalin wayar iska

Wani Bature mutumin Italiya, Markoni, shi ya shahara da aika saƙo ba tare da zaren waya ba, har a 1901 ya tsallakar da alama daga Ingila zuwa wancan gefen tekun Atlantika. Da fari ƙwanƙwasa ce kawai irin ta tangaraho. Daga baya masu bincike suka gano yadda za a ɗora muryar mutum a kan igiyar da ba a gani, wadda ke tafiya da saurin haske, watau kilomita wajen 300,000 a daƙiƙa guda. A watan Nuwamba 1920 wata tasha a birnin Pittsburgh na Amurka ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, a 1922 kuma aka kafa BBC a Landan. Shugabanta na fari, John Reith, ya aza aikin gidan bisa duwatsun murhu uku: ba da labari, ilmantarwa, da nishaɗantarwa. Wannan tsari shi aka kwaso aka kawo ƙasashen da Ingila ke mulki, shi ya sa har yau gidan rediyo ke gwama wa'azi da labaru da kiɗa a yini ɗaya.

Dalilin da ya sa murya ke iya tasowa daga Landan ko Alƙahira ta sauka a Katsina shi ne, igiyar gajeren zango tana hawa sama ta bugi wani rufi na iska mai nisa, ta komo ƙasa, ta sāke hawa, kamar ƙwallon da aka buga a daɓe. Rana tana sauya halin wannan rufi, shi ya sa tashar da ta ɓace da hantsi takan fito sarai bayan magariba, mai akwati kuma ya koyi mitar da ta dace da kowane lokaci.

Yadda malaman Gabas suka karɓe shi

Ba ƙasar Hausa ce ta fara tsayawa tana shakka a gaban wannan abu ba. Tun zamanin garmaho, Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda daga baya ya zama Muftin Masar, ya rubuta risala a kan hukuncin karatun da ke fitowa daga faifai. Da Gwamnatin Masar ta tashi buɗe gidan rediyonta ran 31 ga Mayu 1934, sai aka nemi Shaihu Muhammad Rif'at, makaho mai zaƙin murya, ya buɗe da karatu. Bai amsa ba sai da ya nemi fatawar manyan malaman Azhar, domin tsoron kada a ji maganar Allah a wurin da bai dace ba. Da aka ba shi izini ya buɗe da farkon Suratul Fathi. A ƙasar Hijaz kuwa, an fara watsa shiri daga Jidda a ranar Arfa ta shekarar 1368 bayan Hijira, daidai da 1949. Saboda haka ko da akwatin ya yawaita a nan, alhazai da ɗaliban ilimi sun riga sun ji cewa ana karanta Alƙur'ani a cikinsa a ƙasashen da ake koyi da su, wannan kuwa ya sassauta zukata da yawa.

Akwati mai waya

A watan Disamba 1932 BBC ta fara watsa shiri domin ƙasashen da ke ƙarƙashin Sarkin Ingila. A 1935 aka kafa tashar karɓa a Ikko, wadda ke kama muryar Landan ta rarraba ta cikin zaren waya zuwa gidajen waɗanda suka biya kuɗin haya. A wannan shekara aka yi irinta a Ankara ta ƙasar Gwalkwas, wadda yanzu ake kira Gana, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tashar Ankara ta riƙa magana da harsunan ƙasa, har da Hausa. Badun ta sami tata a 1939, Kano a 1944, sa'an nan Kaduna da Zariya da Jos suka biyo baya kafin 1950.

Wannan akwati na farko ba rediyo ne sosai ba. Lasifika ce kawai cikin katako, a rataye a bango, da waya da ta taho daga tasha. Mai shi ba ya da ikon zaɓen gari ko harshe. Abin da ke hannunsa shi ne ya ƙara murya, ya rage, ko ya kashe. Abin da aka dafa a tasha shi kowa zai ci. Galibin sa'o'in Turanci ne daga Landan, amma a hankali aka buɗe fili na Hausa, ana fassara labarin yaƙi, ana karanta sanarwar En'e, ana gayyato makaɗan gari su yi wasa a gaban abin magana. Iyalan sojojin da aka kai Barma suna da dalilin kasa kunne, domin ɗansu na can bayan teku.

A 1951 Gwamnati ta haɗa waɗannan tashoshi ƙarƙashin hukuma guda mai suna NBS, aka ɗauko wani ma'aikacin BBC, Tom Chalmers, ya shugabance ta, aka kafa na'urorin watsawa ta iska a Ikko da Badun da Inugu da Kaduna. Ran 1 ga Afrilu 1957 ta koma NBC. Makonni kaɗan kafin haka, ran 13 ga Maris 1957, Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ya yi shirin Hausa na farko daga BBC Landan, na minti 15. Da fari sau biyu ne a mako, daga watan Yuni 1958 ya zama kullum. A 1958 ɗin kuma aka buɗe gidan rediyon Nijar a Yamai.

Akwai dalilin da ya sa kowace jiha ta nemi nata gida. A rikicin siyasar 1953, Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Awolowo ta rediyon Gwamnati, da Awolowo ya nemi a ba shi fili ya mai da martani aka hana shi. 'Yan siyasa suka gane cewa wanda ba shi da bakin magana a iska, a bakin wani za a ji labarinsa. Tsarin mulkin 1954 ya ba jihohi ikon kafa nasu. Jihar Yamma ta riga kowa a 1959, Gabas ta bi a 1960, Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello kuwa ta buɗe nata a Kaduna ran 15 ga Maris 1962, tare da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu. Shi ne gidan da jama'a suka sani da Rediyo Kaduna, wanda muryarsa ta gajeren zango ta kai zangunan Hausawa a Kumasi da Fatlami da garuruwan Sudan.

Abin da ya kai akwatin ƙauye kuwa shi ne sauyin na'ura. Rediyon farko mai kwalabe ne, yana son lantarki ko batir mai nauyi, sai attajiri da hakimi. An ƙirƙiro taransista a Amurka a 1947, cikin shekarun 1960 kuma ƙananan akwatuna masu cin batirin tocila suka cika kantuna. Daga nan aka fara ganin makiyayi da rediyo a rataye a kafaɗa, da tela ya ajiye nasa kusa da keke.

Yini guda a gaban akwati

Gidajen farko ba su kwana suna magana. Akan buɗe da asuba, a huta, a dawo da rana, a sāke dawowa da yamma har zuwa wani sashe na dare, sa'an nan a yi sallama a rufe. A tashoshin Arewa da karatun Alƙur'ani ake buɗewa, sai labarun duniya da na gida. Da hantsi akan yi darussa domin makarantu, da filin mata inda ake zancen reno da tsabta da girki. Zamanin Yaƙi da Jahilci ne, don haka akwai jawabai masu kiran manya su shiga ajin karatu, da na malaman gona a kan irin gyaɗa da auduga da takin zamani, da na ma'aikatan lafiya a kan lambar agana da tsabtace rijiya.

Da yamma, in an taso daga kasuwa da gona, sai fagen makaɗa. A nan ne rediyo ya yi wani aiki da ba a taɓa gani ba. Makaɗin fada a da sai wanda ya je ƙofar ubangidansa ke jinsa. Narambaɗa mai kotso na Sarkin Gobir na Isa ne, Mamman Sarkin Taushi na Sarkin Katsina ne, talakan wani lardi sai dai ya ji sunansu. Da ma'aikatan rediyo suka shiga garuruwa da na'urar ɗaukar murya, sai waƙar da aka yi wa sarki ɗaya ta zama ta kowa. Musa Ɗanƙwairo, da Mamman Shata da kalangunsa, da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, sunansu ya kai inda ƙafarsu ba ta taka ba. Marubuta waƙoƙi su ma suka sami fili, aka ji Aƙilu Aliyu yana rera nasa da bakinsa, Imfirajin Aliyu Namangi kuma, wadda almajirai suka daɗe suna yawo da ita ƙofa ƙofa, ta shiga iska.

Bayan kiɗa akwai wasan kwaikwayo, irin su Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, da tatsuniya da kacici-kacici domin yara. Amma filin da ya fi ɗaure zukatan jama'a shi ne na gaishe-gaishe, wanda Rediyo Kaduna ya kira Zaɓi Sonka. Mutum ya aika kati ta gidan waya, ya jera sunayen 'yan'uwa da abokai, ya zaɓi waƙa, ya zauna jiran ranar da za a karanta. Ɗan ci-rani da ke Ikko ya gai da mahaifiyarsa a ƙauyen Daura, maƙwabta su rugo su gaya mata an ambace ta. Da sanarwar rasuwa da cigiyar yaron da ya ɓata, akwatin ya karɓi aikin mai shela ya faɗaɗa shi.

Mas'alolin da suka taso wa malamai

Wannan gwamutsi shi ne ainihin abin da ya dami masu ilimi. Bakin da ya gama karanta sura shi ne bayan ɗan lokaci zai saki kalangu. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san ta hana mutum ya nufi sauraren kayan kiɗa da waƙar wasa, ta kuma hana jin daɗin muryar matar da ba ta halatta gare shi ba. To, yaya hukuncin kayan da ke ɗauke da halal da abin ƙi a cikinsa? Wasu malamai suka hana shi shiga gidajensu ɗungum, suna cewa wanda ya buɗe ƙofa domin baƙo ɗaya bai san wanda zai biyo bayansa ba. Wasu suka ce hukuncinsa hukuncin wuƙa ne, a yanka ragon layya da ita, a kuma yi ta'adi da ita, laifin na mai riƙewa ne. Wannan ra'ayi na biyu shi ya rinjaya, bisa sharaɗin mai akwati ya san lokacin buɗewa da lokacin kashewa.

Sai mas'alar ladabin karatu. Aya ta 204 a Suratul A'arafi ta yi umarni da saurare da kawaici in ana karanta Alƙur'ani. Ga shi kuwa karatu na tashi a rumfar mai nama ana ciniki ana rantse-rantse, ko a wurin da ake caca. Malamai suka yi ta jan kunne cewa wanda ba zai saurara ba, kashewa ta fi masa. Game da sujadar tilawa, littattafan Malikiyya irin su Muhtasar na Halil sun shardanta wa mai saurare ya zamana ya zauna ne domin koyo a wurin mai karatun da ya cancanci limanci, don haka wanda muryar akwati ta riske shi yana tafe ba a ɗora masa ita ba. Game da bin liman ta rediyo kuwa, wani malamin Maroko, Ahmad al-Gumari, ya rubuta littafi yana inganta sallar Juma'a a gida bayan akwati, amma jamhurin malamai ba su karɓa ba, domin Juma'a taro ce a masallaci, kuma tsakanin liman da mamu akwai sharuɗɗan haɗuwa.

Ganin wata shi ma ya shiga sabon hali. A da gari biyu masu nisan yini ɗaya sukan saɓa a ranar ɗaukar azumi, domin manzo bai iso ba. Da rediyo ya zo, sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato takan isa ko'ina a daren. Wannan ya rage saɓani ƙwarai, ko da yake bai kashe shi ba, domin an sami masu cewa ba su ɗauka sai sun gani da idonsu ko wanda suka amince da shi ya shaida.

Akwai wani sauyi da ya shafi alarammomi kai tsaye. Ƙasar Hausa da Barno da ruwayar Warshu suka gaji karatu da rubutu. Akwati kuwa ya kawo muryar Abdulbasiɗ Abdussamad da Mahmud Halil al-Husari, wanda ya ɗauki Alƙur'ani duka a faifai a 1961, galibi da ruwayar Hafsu da tajwidin Masar. Gardi ya ji kalma an karanta ta ba yadda ya hardace ba, ya je wurin malaminsa da tambaya, aka bayyana masa cewa duka ruwayoyi ne ingantattu. Matasa da yawa suka karkata ga sabon salon, har abin ya kai ga musabaƙar karatu ta ƙasa da aka fara a Sakkwato a 1986. Tafsirin azumi ma ya fita daga zaure ya hau iska. Na Shaihu Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello a Kaduna, da na Shaihu Nasiru Kabara daga Kano, daga baya kuma na Shaihu Ɗahiru Usman Bauchi, sun kai ilimi ga matan da ba su fita da mutanen karkara. Sun kuma fitar da saɓanin malamai fili, abin da a da ake yi tsakanin masana ya zama zancen kasuwa. Dattawan malamai sun yi gargaɗi tun da wuri cewa akwati yana faɗa ne ba a tambayarsa, ba ya gyara wa ɗalibi kuskure, ba ya ba da ijaza, saboda haka ba zai maye gurbin durƙuso gaban malami ba.

Rabon 'yan kasuwa

Fatake kuwa tun farko sun gane amfaninsa, domin wanda ya riga ka jin labari ya riga ka cin kasuwa. A zamanin da hukumar ciniki ke yanke kuɗin gyaɗa da auduga kafin kaka, manomin da ya ji sanarwa da kunnensa ya fi wuyar cuta a wurin awo. Mai safarar goro da shanu yakan saurari labarin hanya da na kan iyaka kafin ya ɗaure kaya. Da aka sauya takardun kuɗi a 1959, aka kuma sauyawa a 1968 cikin yaƙin basasa, aka koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilu 1972, aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo ran 1 ga Janairu 1973, rediyo ne ya yi ta maimaita bayani da Hausa har tsohuwa mai ƙosai ta gane. Talla ma ta shigo, kamfanoni suka riƙa sayen minti suna yabon sabulu da magani da waƙa, mai saye kuma ya koyi cewa yabon da aka biya kuɗinsa ba shaida ba ne.

Ranar da akwatin ya kawo baƙin labari

Wanda ya riƙe gidan rediyo ya riƙe kunnen ƙasa, kuma ba masu alheri kaɗai suka san haka ba. Ranar Asabar 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, bayan an kashe Sardauna a gidansa, Manjo Nzeogwu ya yi jawabin juyin mulki ta gidan rediyon Kaduna, gidan da Sardaunan ya kafa shekara huɗu kafin nan. Tun daga ranar, jin kiɗan soja da sassafe a maimakon shirin da aka saba ya zama abin faɗuwar gaba ga mutanen Nijeriya. Daga nan kuma aka ƙara ƙulla al'adar murɗa akwati zuwa tashoshin waje, a ji abin da Landan ta ce, a gwada da na Jamus wadda ta fara Hausa a 1963, daga baya da Muryar Amurka wadda ta fara a 1979, domin kowane gida da inda fuskarsa ta dosa. Wannan gwadawa ita ce aiki da umarnin aya ta 6 a Suratul Hujurati, wadda ta hori muminai da bin diddigin labari kafin su yi aiki da shi.

A yau akwati mai waya ya zama tarihi, gidan Kaduna ya koma hannun Gwamnatin Tarayya tun ƙarshen shekarun 1970, tashoshin FM sun cika birane, wayar hannu kuma ta tara karatu da kiɗa da labari da ƙarya a aljihun yaro. Tambayoyin da malaman farko suka yi a gaban akwatin katako su ne dai ke gaban jikokinsu: wa ke magana, me yake nufi da ita, kuma yaushe ya kamata a kashe. Mai akwati mai waya ba ya da zaɓi sai na tasha ɗaya, duk da haka an ɗora masa nauyin abin da ya bari ya shiga gidansa, balle wanda aka ba dubu.

Allah Ya sa kunnuwan Musulmi su zama masu jin abin da zai amfane su duniya da lahira, Ya jiƙan malamai da ma'aikatan da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa albarka a kasuwa da makaranta. Amin. Wassalam.